Daga Wall Street zuwa Ojota: yadda zanga-zangar adawa da manyan kamfanoni ke ƙetare iyaka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a fannin kimiyyar siyasa. Ina bibiyar labarin zanga-zangar da aka yi wa bankuna da manyan kamfanoni a 2011, wadda ta faro daga Amurka ta bazu ƙasashe da yawa. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Ta yaya fushin mutanen New York ya zama na mutanen Landan da Rum da Legas cikin ɗan lokaci? Kuma in da gaske da yawun kashi 99 cikin ɗari na jama'a suke magana, me ya sa jama'ar ba ta tsaya musu ba da aka zo korar su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗalibi. Allah Ya ba da ilimi mai amfani. Tambayarka ta yi kyau, sai dai akwai wani zato a cikinta da ya kamata mu kawar tun farko. Fushin mutanen New York bai je Landan ko Legas ba. Kowane gari da nasa fushin, ya daɗe yana cin mutane a rai. Abin da ya ƙetare iyaka shi ne salon nuna fushin: a kama fili a tsakiyar birni, a kafa tantuna, a ƙi tashi, a ɗauki hoto a watsa a intanet. Salo da suna da take su ne suka yi tafiya. In ka riƙe wannan, ka kama hanyar amsar tambayarka ta biyu ma, domin jama'a sun yarda da ƙorafin, salon ne ya gundure su.

Sannan Amurka ba ita ce mafari ba, a makare ma ta shigo. Ranar 17 ga Disamba 2010 Mohamed Bouazizi, mai tallar kayan marmari a garin Sidi Bouzid na Tunisiya, ya cinna wa kansa wuta, kafin a cika wata guda Ben Ali ya tsere daga ƙasar. Daga 25 ga Janairu 2011 Misirawa suka tare a dandalin Tahrir na Alƙahira har Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu. Waɗannan da masu mulki suke faɗa, ba da kamfanoni ba, amma sun nuna wa duniya cewa zaman dirshan a fili ɗaya yana iya kayar da gwamnati. Matasan Sifaniya ne suka fara juya salon kan bankuna. Sun fito ranar 15 ga Mayu, suka kafa sansani a dandalin Puerta del Sol da ke tsakiyar Madrid, a lokacin da sama da kashi 40 cikin ɗari na matasan ƙasar masu neman aiki ba su da shi. Takensu shi ne, mu ba haja ba ne a hannun 'yan siyasa da masu banki. Bayan kwana goma Girkawa suka cika dandalin Syntagma da ke gaban majalisar dokokinsu, suna tir da tsuke bakin aljihun da masu bin ƙasar bashi suka ƙaƙaba musu.

Hatta kiran da ya haifar da ta New York daga waje ya zo. Wata mujalla ce ta Kanada mai suna Adbusters, wadda ta yi suna wajen sukar tallace-tallacen manyan kamfanoni, ta yi kira a watan Yuli 2011 cewa mutum 20,000 su kwarara unguwar Wall Street, cibiyar bankuna da kasuwar hannun jari ta New York, da tantunansu, kuma ta ambaci Tahrir a matsayin abin koyi. Ranar 17 ga Satumba waɗanda suka amsa kiran ba su kai ko kusa da haka ba, 'yan ɗaruruwa ne suka kwana. 'Yan sanda sun riga sun tare titin Wall Street ɗin kansa, sai mutanen suka faɗa wani ɗan fili da ke kusa, Zuccotti Park. Ga wani abin dariya: filin mallakar wani babban kamfanin gine-gine ne, Brookfield, kuma hakan ne ya cece su. Filayen hukumar birni ana rufe su da dare, shi kuwa wannan, sharaɗin da aka gindaya wa masu shi tun asali shi ne ya zauna a buɗe ga jama'a dare da rana. Wato masu yaƙi da kamfanoni sun yi wata biyu a filin kamfani saboda wata tsohuwar yarjejeniyar gini.

Ƙorafin Amurkawa kuwa ba ƙage ba ne. A Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe bayan shekarun da bankuna suka yi suna bayar da bashin sayen gida ga mutanen da suka san da wuya su iya biya, suna kuma ɗaure basussukan su sayar wa masu zuba jari a duniya. Majalisa ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna. A Maris 2009 aka ji kamfanin inshora na AIG, wanda kuɗin jama'a ya hana shi mutuwa, zai raba wa wasu ma'aikatansa tukwicin dala miliyan 165. A ɗaya ɓangaren miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, rashin aiki ya kai kashi 10 cikin ɗari a Oktoba 2009, kuma a 2011 yana nan wajen kashi 9. Babu wani shugaban babban banki da ya ga ƙofar kurkuku. A 2010 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya buɗe wa kamfanoni hanyar kashe kuɗi ba iyaka a tallar zaɓe. Duk wannan ne aka dunƙule cikin take guda: mu ne kashi 99 cikin ɗari. Ƙarfin taken yana cikin sauƙinsa. Ba ya tambayar addininka ko jam'iyyarka, kuma kowa na iya ɗauka ya cusa nasa labarin a ciki.

Makon farko manyan jaridu da gidajen talabijin kusan ba su waiwaye su ba. 'Yan sanda ne suka yi musu talla. Ranar 24 ga Satumba wani babban jami'i ya fesa wa wasu mata ruwan barkono a fuska bayan an riga an killace su, wani ya ɗauka a waya, hoton ya zagaya duniya. Ranar 1 ga Oktoba aka kama sama da mutum 700 a kan gadar Brooklyn. Daga nan ƙungiyoyin ƙwadago suka shigo, sansanoni suka tsiro a Boston da Chicago da Oakland da sauran birane. Ka lura da wannan, don yana maimaita kansa kusan ko'ina: zanga-zanga ƙarama ba ta cika yaɗuwa da ƙarfin hujjarta ba, tana yaɗuwa ne ranar da aka ga an daki wanda bai ɗaga hannu ba.

Ranar 15 ga Oktoba 2011 ita ce ranar da ake cewa abin ya game duniya, aka fito a birane sama da 900 a ƙasashe 82. Amma 'yan Sifaniya ne suka tsayar da wannan rana tun watanni kafin a kafa tanti ko ɗaya a New York, kuma taron da ya fi cika a ranar a Madrid da Barcelona da Rum aka yi shi. Sunan Occupy, wato mamaye, da masu zanga-zangar New York suka ɗauka (Occupy Wall Street), shi ne ya rufe su duka, saboda kafafen yaɗa labaran duniya idonsu ya fi faɗawa kan Amurka. Da ka leƙa ƙarƙashin sunan sai ka tarar kowa da abin da ya fito da shi. Ɗan Sifaniya yana kuka da dokar da ta ce ko banki ya ƙwace gidanka, ragowar bashin yana nan a wuyanka. Bajamushe ya kafa tanti a gaban Babban Bankin Turai a Frankfurt. Ɗalibin Chile tun watan Mayu yake kan titi saboda ilimi ya zama kasuwanci. A Hong Kong ƙarƙashin ginin bankin HSBC aka zauna.

Akwai dalilin da ya sa adawa da kamfani ta fi adawa da gwamnati sauƙin ƙetare iyaka. Gwamnati tana da ƙasa ɗaya, kamfani kuwa yana ko'ina. Ba ruwan ɗan Italiya da gwamnan wata jiha a Amurka, amma Goldman Sachs da ake zagi a New York shi ne bankin da ya shirya wa gwamnatin Girka wata musayar kuɗi a 2001 da ta taimaka wajen ɓoye girman bashinta. Basussukan gidajen Amurka da suka ruɓe, bankunan Jamus da Ingila sun saye su. Abokin gaba ɗaya ne, tambarinsa ɗaya ne, kuma yana da reshe a garinku da za ka iya zuwa ka tsaya a gabansa. Wannan ba a 2011 aka fara gani ba. Da gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas na Ogoni ranar 10 ga Nuwamba 1995, gidajen man Shell aka riƙa yi wa cincirindo a Turai, saboda nan ne hannun Bature ke iya kaiwa. A ƙarshen Nuwamba 1999 dubban 'yan ƙwadago da masu kare muhalli suka toshe titunan Seattle suka hana buɗe taron Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a kan lokaci, aka tashi baram-baram. Ko da yake, a faɗi gaskiya, ba 'yan titi kaɗai suka rusa taron ba, wakilan ƙasashe masu tasowa, har da na Afirka, sun fusata da yadda manya ke ƙulle ƙofa su yanke shawara ba da su ba. Wannan zango ya kai ƙololuwa a Genoa a Yuli 2001, inda jami'in tsaro ya harbe wani matashi, Carlo Giuliani, a lokacin taron ƙasashe takwas masu ƙarfin masana'antu. Bayan wata biyu harin 11 ga Satumba ya zo, hankalin duniya ya koma wani wuri.

Yanzu mu zo kan jama'a, inda na fi so mu daɗe.

Da farko an karɓe su hannu bibbiyu fiye da yadda ake tunawa yau. A Oktoba 2011 ƙuri'ar jin ra'ayi da mujallar Time ta yi ta nuna kashi 54 cikin ɗari na Amurkawa suna kallon zanga-zangar da idon rahama. Amma alƙaluman da suka fi amsa tambayarka su ne na cibiyar Pew a Disamba: kashi 48 sun ce sun yarda da ƙorafin masu zanga-zangar, amma kashi 29 kacal ne suka gamsu da yadda ake gudanar da ita, kashi 49 kuwa suka ce ba su gamsu ba. Ka ga mutum ɗaya yana iya tsanar banki kuma ya tsani tanti. Kashi 99 ɗin nan take ne, ba ƙidaya ba ce. Kuma yarda da magana daban, barin aiki da iyali a je a kwana kan siminti cikin sanyin Nuwamba daban.

'Yan siyasa kowa ya ja ruwa zuwa gonarsa. Obama ya ce zanga-zangar tana bayyana takaicin da Amurkawa ke ji, amma bai matso kusa ba. A ɓangaren jam'iyyar Republican, Eric Cantor ya kira su gungun 'yan tarzoma, Herman Cain ya ce wanda ba shi da aiki kuma ba shi da arziki ya zargi kansa, Newt Gingrich kuma ya ce su je su yi wanka su nemi aiki. Har aka ƙirƙiro wani take na martani, mu ne kashi 53, wato masu biyan harajin kuɗin shiga na tarayya, ana nufin sauran 'yan zaman kashe wando ne. Wannan zagi bai dace da yawancin waɗanda suka fito ba, da yawansu masu digiri ne da bashin makaranta ya danne, da ma'aikatan jinya da malamai da tsofaffin sojoji. Amma ya shiga kunnen mutumin da ke aiki biyu don ya ciyar da gidansa, wanda ke ganin shi bai samu sararin zama a fili ba. A waje kuma shugabannin Iran suka yi ta murna cewa ƙarshen jari-hujja ya zo, alhali shekara biyu kafin nan sun murƙushe tasu zanga-zangar.

Babbar matsalar a ganina ita ce wannan. Ka fito don ka yi faɗa da banki, amma banki ba ya fitowa titi. Shugabansa ba ka zaɓe shi ba, ba ya neman ƙuri'arka, yana hawa na arba'in yana aikinsa. Wanda zai zo maka shi ne ɗan sanda, wanda shi ma albashi yake jira, da magajin gari, da mai shagon da ka tare wa ƙofa. Kafin ka ankara labarin ya tashi daga bashin gidaje da tukwicin manajoji ya koma kan shara da ban-ɗaki da ƙarar ganga da izinin kwana a fili. Landan ce ta fi nuna wannan ƙarara. Masu zanga-zangar sun nufi kasuwar hannun jari, amma dandalin da take mallakar kamfani ne, an samo umarnin kotu an hana su shiga. Sai suka koma harabar majami'ar St Paul da ke maƙwabtaka. Majami'ar ta rufe ƙofofinta na mako guda, abin da ba ta yi ba tun Yaƙin Duniya na Biyu. Rikici ya ɓarke tsakanin malamanta kan ko a kori masu tantunan da ƙarfi. Ɗaya daga cikin manyan malaman, Giles Fraser, ya ajiye muƙaminsa don ba ya son a yi amfani da ƙarfi da sunan coci, bayan 'yan kwanaki shugaban majami'ar, Graeme Knowles, shi ma ya sauka. An fito don a girgiza 'yan kasuwar hannun jari, malaman coci ne suka rasa kujerunsu, kasuwa kuwa ba ta rufe ko na awa ɗaya ba.

Sansanin kansa yana da nasa ciwon. Inda duk aka ce akwai abinci kyauta da wurin kwana a tsakiyar birni, marasa galihu da masu taɓin hankali da 'yan ƙwaya za su zo, kuma ba laifinsu ba ne, amma matasan da suka zo gyara duniya ba su da horon kula da su. Aka fara samun sata da rahotannin cin zarafin mata. Inda ɓata-gari suka shiga kuwa, asarar ta fi haka. A Rum ranar 15 ga Oktoba wasu 'yan tsiraru masu rufe fuska suka ƙona motoci suka farfasa bankuna, washegari hotonsu ne a jaridu, ba na dubun dubatar da suka yi tattaki lami lafiya ba. Tausayin jama'a yana bin wanda aka daka ne. A Oakland, da 'yan sanda suka fasa kan Scott Olsen, tsohon sojan da ya yi yaƙin Iraƙi, mutane suka fito har aka rufe tashar jiragen ruwan birnin ranar 2 ga Nuwamba. Da aka fara ganin fasa tagogi a wannan dare, wasu suka ja da baya.

Sai batun shugabanci. Sun ƙi naɗa shugaba, sun kuma ƙi gabatar da jerin buƙatu, da gangan. Hujjar masu tunaninsu, irin su malamin jami'a David Graeber, ita ce miƙa wa 'yan siyasa buƙata amincewa ce da cewa su ne halastattun masu gyara, alhali kuɗi ya riga ya saye su. Komai sai an kawo shi babban taro, kuma sai kusan kowa ya amince. Da yake dokar birni ta hana lasifika ba izini, mai magana yakan faɗi jimla, na kusa su maimaita da ƙarfi don na nesa su ji, kamar yadda sanƙira ke ɗaga magana a taron biki. Abin yana da ban sha'awa, yana kuma sa mutane su saurari juna. Amma da irin wannan tsari aka shafe kwanaki ana muhawara kan awa nawa masu ganga za su riƙa kiɗa. Ni dai ina ganin rabin hujjar Graeber gaskiya ce: rashin buƙata guda ya bar ƙofa a buɗe kowa ya shigo. Sai dai mutumin da ke kallo daga gida yana so ya san ranar da za a ce an ci nasara, kuma ba wanda ya iya faɗa masa. Don haka da magajin gari Michael Bloomberg ya turo 'yan sanda da tsakar daren 15 ga Nuwamba suka kwashe tantunan, ba a ga miliyoyi sun fito kare filin ba. Na Landan an tashe su a ƙarshen Fabrairu 2012, na Hong Kong suka kai Satumba.

In kana son ganin inda kamfani ya durƙusa da gaske, dubi inda aka kama sunansa aka kuma taɓa aljihunsa. A ƙarshen Satumba 2011 Bank of America ya ce zai riƙa cirar dala 5 duk wata daga masu sayayya da katinsa. Mutane suka fara barazanar kwashe kuɗinsu zuwa ƙananan bankunan gama-kai, aka tsayar da 5 ga Nuwamba a matsayin ranar ƙaura. Tun ranar 1 ga wata bankin ya janye. A Cochabamba ta Bolibiya ma, a 2000, da aka miƙa ruwan birni ga wani kamfani da babban kamfanin Amurka Bechtel ke ciki, kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka rufe garin har aka soke kwangilar a watan Afrilu.

Wannan ba ya nufin 2011 ta tafi a banza. Ta sauya abin da ake magana a kai. Kafin ta, hirar Washington duk ta rage gibin kasafi ce, zuwa Disamba Obama yana kiran matsalar tazara tsakanin masu kuɗi da saura babban al'amarin zamanin. A Nuwamba 2012 ma'aikatan gidajen abinci na New York suka fara yajin neman dala 15 a awa, daga baya jihohi da dama suka mayar da shi doka. Bernie Sanders ya tsaya takara a 2016 da kusan kalmomin Zuccotti. A Sifaniya jam'iyyar Podemos, wadda ta tsiro daga waccan zanga-zangar, ta fito a 2014, Ada Colau kuma, wadda ta yi suna wajen tare masu zuwa fitar da mutane daga gidajensu, ta zama magajiyar garin Barcelona a 2015. Amma kada ka ɗauka masu ra'ayin sauyi kaɗai suka ci gajiyar fushin. Ƙungiyar Tea Party ta masu ra'ayin riƙau a Amurka ma da ƙin ceto bankuna ta tashi, kuma wani kaso na wannan haushin manya shi ne Trump ya kwasa.

Ka ambaci Legas, kuma tamu ita ce ta fi tabbatar da abin da na fara da shi. Occupy Nigeria ta ari suna ne kawai, cikinta namu ne tsantsa. Ranar 1 ga Janairu 2012, mutane na ƙauyukansu hutun ƙarshen shekara, gwamnatin Jonathan ta cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Ba a buƙaci wani ya yi wa ɗan acaɓa ko mai shayi bayanin kashi 99 ba, kuɗin mota ya riga ya yi masa bayani. A Legas aka cika filin Gani Fawehinmi da ke Ojota, a Kano matasa suka tare a shataletalen Silver Jubilee suka laƙaba masa sunan dandalin 'yanci, har aka ga Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu lokacin salla. 'Yan Najeriya mazauna Landan da Amurka su ma suka yi nasu a gaban ofisoshin jakadanci. An rasa rayuka a Ilori da Legas da Kano.

Abin da muke da shi wanda New York ba ta da shi biyu ne: buƙata guda da kowa ya haddace, a mayar da lita 65, da kuma ƙungiyoyin da ke iya tsayar da ƙasa cak. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, kasuwanni da bankuna da filayen jiragen sama suka rufe, ma'aikatan mai suka yi barazanar dakatar da haƙo ɗanyen mai. Ranar 16 gwamnati ta sauko zuwa naira 97, ta girke sojoji a Ojota, 'yan ƙwadago suka janye. A mako biyu an sami abin da Zuccotti bai samu a wata biyu ba. Amma mai ikon kiran yaji shi ne mai ikon janye shi, kuma matasa da yawa sun ji an sayar da su. A Kano kuwa bayan kwana huɗu, ranar 20 ga Janairu, hare-haren Boko Haram suka hallaka mutane sama da 180, zancen mai ya bi ruwa.

Ina kamfanoni a cikin wannan labari? Suna tsakiyarsa. Abin mamaki, ɓangarorin biyu duk cewa suke da dillalan mai suke yaƙi. Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala sun ce tallafin aljihun 'yan tsirarun masu shigo da mai yake shiga, don haka a cire shi. Masu zanga-zanga suka ce in kun san ɓarayin ku kama su, kada ku ɗora wa talaka kuɗin satarsu. Matsin titi ne ya sa Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin Farouk Lawan, wanda ya gano cewa an yi kasafin naira biliyan 245 don tallafi a 2011 amma abin da aka kashe ya haura tiriliyan biyu, har da kamfanonin da suka karɓi kuɗi ba su kawo man ba. An gurfanar da wasu dillalai, kaɗan daga cikinsu aka ɗaure bayan shekaru ana jan shari'a. Shi kansa shugaban kwamitin, kotu ta ɗaure shi a 2021 kan karɓar daloli daga hannun Femi Otedola don a cire sunan kamfaninsa daga rahoton.

Daga cikin waɗanda suka soki cire tallafin a Janairu 2012 akwai Bola Tinubu, yana jagoran adawa a lokacin. Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na kama mulki, shi ne ya sanar cewa tallafi ya tafi. Cikin kwana biyu zuwa uku lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. NLC ta sa ranar yajin aiki, ta kuma janye kafin ranar ta zo.